Fitilar da ke riga kowa shiga rijiya

Rijiya arba'in da ɗaya cikin shekara goma sha tara, kuma ba a taɓa fito da gawa daga ko ɗaya ba. Mutumin da ya tsare wannan, Iro Ɗan Yelwa, ya ajiye aiki ranar Juma'ar da ta wuce a Gidan Rumji, saboda tari da ciwon gwiwa. Shi ne na hannun daman Alhaji Rabo, mai karɓar aikin ginar rijiya tun daga Gidan Sori har Gangara. Sunan Alhaji ake sani. Shi ke zama da masu gari, shi ke shiga buro, ofishin hukuma, shi ke hango rijiya inda wasu ke ganin rairayi kawai. Iro yana bakin rami.

Kullum bayan sallar asuba, kafin kowa ya taɓa igiya, Iro zai kunna fitilar ƙwai, ya ɗaura ta, ya zura a hankali. Magina su kewaye ramin shiru, suna kallon hasken yana ƙanƙancewa kamar tauraro mai nutsewa cikin ƙasa. In ta isa ƙasa da wutarta, akwai iskar shaƙa, a shiga. In ta mutu, babu aiki.

A watan Maris na 1961, ranin farko bayan samun 'yanci, rijiyar Gangara ta kai zurfin gaba goma sha tara, ƙasa ta fara danshi. Alhaji ya riga ya yi alkawari cewa ranar Alhamis manya daga buro za su sha ruwanta, a ɗaga sabuwar tuta. Ranar Litinin fitila ta mutu. Talata ma ta mutu, haka Laraba. Sule, maginin da layin shiga ya zo kansa, ya ce ranar Laraba ya riga ya ɗaura igiya a ƙugu sa'ad da Iro ya kwance ta, ya naɗe, ya zauna a kai.

"Iro, kananzir ɗinka ne ba shi da kyau," in ji Alhaji. "Tashi."

"Maigida, jiya kai ka sayo shi."

"Gobe mi zan ce ma mutanen nan? Fitila ta hana?"

"Ka ce Iro ya hana. Ba su san ni ba, ba ni jin kunyarsu."

"To ni in shiga!"

"Da wannan tumbin? Jaki huɗu ba su fiddo ka."

Asama'u, mai kawo wa magina fura, ta ce ba wanda ya yi dariya sai Alhajin kansa, shi ma a taƙaice. Manya suka zo ranar Alhamis, suka tarar da Iro yana zura damin ganye cikin rami yana jawowa don ya kori mugunyar iska. Aka ɗaga tuta a bakin rijiyar da ba ruwa. Aikin rijiya biyu da aka yi wa Alhaji alkawari aka ba wani. Wata guda Alhaji bai yi wa Iro magana ba sai ta bakin Sule, amma bai karɓe fitilar ba. Ranar Lahadin da ta biyo bayan zuwan manyan fitila ta isa ƙasa da wutarta, bayan kwana uku ruwa ya ɓullo. Yau 'ya'yan Sule huɗu.

Iro, kai ne mai cewa a'a cikin ladabi. Ka ce mini daga ƙasan rijiya sama ba ta wuce faifai ba, muryoyin mutane kuma suna sauko maka kamar daga mafarkin wani. Ka ce wanda ke can ƙasa ba ya jin iskar da ke kashe shi, barci kawai yake ji mai daɗi, shi ya sa dole na sama ya ji tsoro a madadinsa. Mun gode, mai tsaron bakin rami. Allah ya ba ka lafiya. Duk mai bin wani a wurin aiki ya dubi yadda ka zauna a kan igiyar nan, duk maigida kuma ya dubi yadda Alhaji ya bar ka zaune.

Yanzu rijiyar da ake gini a Gidan Sori tana gaba goma sha shida, an ce manya za su zo bayan Sallah. Fitilar tana rataye a gwafa. Na tambayi Alhaji wa zai riƙa zura ta. Ya daɗe yana kallon ramin. Har aka gama rubuta wannan bai faɗi suna ba.