Yatsu Huɗu a Ginshiƙin Ambo Dalle

Ambo Dalle na ƙauyenmu a Maros ko kada ba ya tsoro, amma garin shinkafa ya hana shi cin abinci kwana bakwai. Tun yana saurayi lauje ya cinye masa yatsa ɗaya. To ga shi ya gama sabon gidan katako da ke tsaye a kan dogayen ginshiƙai, kuma bisa al'ada sai ya tsoma hannu a kwaɓin garin shinkafa ya buga a ginshiƙin tsakiya kafin a tare. Shi kuwa gani yake yatsu huɗu ragaggiyar albarka za su jawo wa iyalinsa.

Ranar tarewa ya ɓoye hannun cikin zane, gumi na zuba har kaji na iyo a ƙarƙashin gidan.

Tsohuwa Indo Cenning, mai sa wa gidaje albarka, ta ce, "Kai ɗan nan, ba ka taɓa ɗaga kai a kogon bayan gonarka ba? Tambarin hannuwan kakanni da ke jikin dutsen, wani ma yatsu uku ne, kuma har yau kogon bai rushe ba."

Ya yi ajiyar zuciya, ya buga hannu.

Matarsa ta ce, "Baban yara, rage mana garin!"

Ina! Ya riga ya kai ginshiƙi na tara.