Mula-mula a indararonmu

Kowace shekara kafin damina nakan hau soron ɗakinmu in share indararo. Rufin ƙasa ne. Ruwan Agadas ba ya yawan zuwa, amma in ya zo ya rasa hanya, sai ya kwanta a sama har azara ta saki.

Wata shekara na hau na tarar da bakin indararon cike da tsakuwa, an jera ta kamar da hannu. Na kwashe, ta sake taruwa. Sai na zauna a inuwa na zuba ido. Can sai ga ƴar tsuntsuwar nan da ake kira mula-mula, baƙa wuluk, kanta fari kamar ta sa hula, gindin wutsiyarta ma fari. Tsakuwa ce a ɗan siririn bakin nan da take cafke ƙwari da shi. Ta ajiye, ta karkata kai ta duba, ta gyara, ta tashi. Ashe sheƙa take yi can ciki, tsakuwar kuwa dandamalin ƙofarta ce.

Matata ƴar garin Tabelot ce, a wurinsu mula-mula tsuntsuwar alheri ce, ba a korarta.

"Maigida, in ka taɓa sheƙar nan, ni ma ka haɗa mini kayana," in ji ta.

"To in rufi ya faɗo mana fa?"

"Ai kai ne mai gidan. Nemo dabara."

Na yi ta jinkiri har hadari ya fara haɗuwa a kan duwatsu. Sai na kira wani magini, tsohon abokina. Ya hau ya leƙa, ya sauko yana dariya.

"Har ta ƙyanƙyashe! Malam, tsuntsuwa ta ƙwace maka gida kana zaune?"

"Ita da uwargida suka haɗa kai."

"To ka sha kashi. Kawo tsani, mu huda wani."

Muka huda rawanin soron kamu biyu daga tsohon indararo, muka sa sabo, muka cika ƙasa yadda ruwa zai gangara can. Muna aiki mijin tsuntsuwar yana kan ƙotar shebur, ya riƙe ta da yatsu uku gaba, ɗaya baya, yana ta rera mana waƙa. Magini ya ce masa, "Ranka ya daɗe, aikin ya yi?"

Ruwa ya sauko wata la'asar da iska. Na tsaya cikin ɗaki ina kallon azara, matata kuwa tana tsakar gida, ta jiƙe sharkaf, idonta a kan tsohon indararo. Sabon ya yi ta ambaliya. Tsohon ko ɗigo bai yi ba.

Da ƴaƴan suka fito, kawunansu baƙi ƙirin, ba fari ko kaɗan. Na ce anya nata ne? Matata ta watsa musu ɓarɓashin tuwo ta ce, "Kai da hula aka haife ka? Bari su girma."