Dattijon da Ya Ƙi Hawa Tudu

Attahiru mai ɗaukar bidiyo bai ko san sunan dattijon nan ba. A kasuwar Kontagora ya tsinto shi don tallan sabon keke mai giya, mai hawa tudu kamar akuya. Ga ƙwauri kamar taɓarya, ƙafar wando ɗaure da roba. Da gani, ya shekara talatin yana jigilar dawa da keke ɗaya.

Sau huɗu ke nan, da ya iso gindin tudu sai ya sauka yana turawa, har da shafa sirdi.

Attahiru ya dafe kai. "Baba, hawa za ka yi! Batir na ƙarewa!"

Dattijo ya dube shi da tausayi. "Ɗana, sabon keke ne fa. Kai ba ka taɓa mallakar keke ba ko?"