Bindigar Baba da Na Sayar a Bakin Ƙofa

Shekarun baya, ina goyon ɗana na biyu, aka yi shela cewa duk mai bindiga marar lasisi ya kai wa hukuma cikin kwanakin da aka ɗiba, an yafe masa, ba kamu ba tuhuma, har da ɗan abin da za a ba shi ya sa a aljihu. A rediyo muka fara ji. Daga baya masu unguwanni suka bi gida gida suna rubuta sunayen waɗanda aka san suna da ita.

Gidanmu na Kausani yana cikin waɗanda aka rubuta. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, da damina manomi ne, da rani maharbi. Ya rasu ya bar bindigarsa mai baki biyu rataye a ɗakinsa. Duk maharban yankinmu sun san ta, saboda katakon gindinta ya taɓa tsagewa, mahaifiyata ta cire munduwarta ɗaya ta tagulla ta bayar, maƙeri ya buga ta ya ɗaure tsagar da ita. Baba yakan ce ko a daji yana tare da Inna.

Da mai unguwa ya rubuta sunan yayana a matsayin magajin gida, Inna ta ce wa yayan nawa, "Ka kai musu. Ubanku da takarda ya riƙe ta, takardar kuma ta bi shi. Ba na son abin da zai sa mota ta tsaya mana a ƙofar gida."

Yayana mutum ne da zai ɗaga buhun gero shi kaɗai, amma da ya hango kaki sai yawu ya ƙafe a bakinsa. Ranar na je gida gaisuwa, ina shirin komawa Wudil ya ja ni zaure.

"Auta, taimakona za ki yi. In aka tsare ni a shinge da wannan abin, kafin in ce miƙawa zan yi na sha mari. Ke kuwa wa zai ce ki kwance tabarma?"

Na ce, "Wato duk girman jikin nan na cin tuwo ne, Yaya?"

"Ki faɗi abin da kika ga dama. Kar dai Inna ta ji, kar mijinki ya ji. Ki miƙa, ki karɓo takardar shaida, shi ke nan."

Haka na shigo gari a daidaita sahu, yaro a baya, naɗaɗɗiyar tabarma a kan cinya, na lulluɓe rabinta da hijabi. A shinge ko kallona ba su yi ba. Har wani daɗi na ji, wai ni ce jarumar gida.

Wajen karɓar wani fili ne da aka kewaye, mutane sun yi layi har waje. Ta ƙofa na hango tarin bindigogi an zube su a ƙasa kamar itacen girki, wani mutum da injin yankan ƙarfe yana datse su ɗaya bayan ɗaya, tartsatsi na tashi. Sai na kawar da kai. Hannun Baba na tuna, yadda yake zama a kan buzu da hantsi yana goge ta da tsumma da mai. Na fita daga layi na tsaya gindin wata darbejiya ina share ido.

A nan na lura da wasu maza da ba layin suke bi ba. Suna tsaye ne kawai suna kallon hannun mutane, in suka ga wani da dogon kaya sai su matsa su yi masa raɗa. Ɗaya daga cikinsu ya nufo ni. Dattijo ne, farin gemu, carbi a hannu. Ya gaishe ni gaisuwa mai tsawo, ya tambayi maigida, ya tambayi yara, ya yi wa na bayana addu'a. Sannan ya ce, "'Yata, tabarmar nan ta fi ƙarfin tabarma."

Na gaya masa bindigar marigayi mahaifina ce. Ya ce shi daga wani ƙauye yake can bayan Achika. Ɓarayin shanu sun shigar musu har sau biyu, sun karya wa ɗansa hannu, su kuwa ba su da komai sai sanda. Ya ce, "Kin ga abin da ake yi musu a ciki. Maimakon a yanka ta a zubar, ki bar ta ta tsare bayin Allah. Ladan ma mai ita zai riƙa samu a kabari."

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta kama ni. Amma duk da haka na tambaya, don kar ku ce ban tambaya ba. Na ce, "Baba, ya halatta?"

Ya yi murmushi. "Kayanki ne har sai kin miƙa. Kwanakin nan an ɗage dokar bindiga, ba ki ji a rediyo ba? Dubi nan, tun safe muke tsaye, wa aka kama? Ciniki da yardar mai saye da mai sayarwa, wane malami ne ya hana?"

Ni da na yi sakandare, na yi Islamiyya har na sauke, sai na tsaya ina lissafa sharuɗɗan ciniki a raina kamar ana yi mini jarrabawa. Abin yana da amfani. Ga shi a hannu. Ba wanda aka tilasta. Na ba kaina maki cikakke. Sharaɗi ɗaya na tsallake, wanda ko yarinya 'yar aji ɗaya ta sani: sai abin da kake sayarwa ya zama naka. Ni kuwa aikena aka yi. Ban kuma tsaya na tambayi kaina ba, in da gaske an ɗage doka, me ya sa yake magana ƙasa ƙasa?

Ya ɗaga bakin tabarmar ya leƙa, ya miƙo kuɗi a dunƙule. Na ce, "Na sallama." Ya ce, "Allah ya sa albarka." Da hannu biyu ya karɓa, ya bi ta bayan shaguna.

Kuɗin ko sisi ban ci ba. Ranar Juma'a na yi kunu da ƙosai na raba wa maƙwabta sadaka, Allah ya kai ladan kabarin Baba. Da yayana ya tambayi takardar shaida, na ce sun ce takardu sun ƙare. Ƙaryar farko ke nan da na taɓa yi masa da girmana. Shi kuma ya shiga ya ce wa Inna ya miƙa da hannunsa.

Bayan an yi girbi, wata Juma'a da la'asar, aka tare wani mai sayar da shanu a hanyarsa ta komawa gida daga kara, kasuwar shanu. Aka harbe shi, bai kai asibiti ba. Ya bar mata da ƙananan yara. Da aka kama waɗanda suka yi, an same su da bindiga mai baki biyu, da tagulla a gindinta. Su ma a hannun wani suka saya, shi ma a hannun wani. Dattijon nan mai carbi ba a taɓa samun wanda ya san shi ba, a Achika ko a bayanta. Munduwar Inna kuwa kowa ya gane ta. Sunan yayana yana cikin takardar mai unguwa, shi kuma ba shi da shaidar miƙawa. Motar da Inna take gudun zuwanta ta tsaya a ƙofar gida, aka tafi da yayana.

Kwana uku kafin a bari in gan shi. Fuskarsa ta kumbura. Ina buɗe baki ya riga ni.

"Na riga na gaya musu ni na sayar."

"Yaya, ƙarya ne! Ni ce fa..."

"Rage murya. Wa ya aike ki? Tsorona ne ya aike ki. Da goyon za ki shigo nan? In mijinki ya ji, kin san inda auren zai tsaya? Ki rantse mini ba za ki gaya wa kowa ba, har Inna."

Na rantse. Na so a ce da ƙyar na yarda, amma gaskiya ban yi gardama mai tsawo ba.

Lauyan da aka ɗauka ne ya warware mana abin da na tambaya a gindin darbejiya. Ya ce ba dokar da aka ɗage. Yafiyar ta wanda ya shiga ya ajiye bindiga a gaban hukuma ce kaɗai. Wanda ya sayar a waje, ko taku ɗaya ne tsakaninsa da ƙofa, da shi da wanda ya saya duk masu laifi ne, kuma rashin kama su a ranar ba izini ba ne. An wanke yayana daga kisan, amma an ɗaure shi kan sayarwar. Damina biyu ta wuce shi yana ciki.

Ɗaurin bai kai fushin Inna zafi ba. Ta daina kiran sunansa, sai dai "wancan". In za mu je ziyara ta ƙi ba da ko fura. Takan ce, "Ya dubi idona ya ce ya miƙa. Ya sayar da amanar ubansa aka kashe ɗan mutane da ita. Bakina ba zai sa masa albarka ba." Ina zaune ina yi mata kitso take faɗa, hannuna a cikin gashinta. Fiye da shekara ina jin wannan maganar ina cewa, "Ki yi haƙuri, Inna." Ni ce 'yar kirki, mai ba da haƙuri.

Da ciwonta ya yi tsanani, wata safiya ina shafa mata man zafi a ƙafa, sai na ga ƙafar ta zama kamar kara. Na gane in na ƙara jira, za ta tafi da fushin. Na karya rantsuwar, daga baya na yi kaffara. Na gaya mata komai, tun daga zaure har ƙosan sadaka.

Ta zuba mini ido. Can ta ce, "Ke ce?"

"Ni ce, Inna."

"Ya bar ni ina ta..." Ba ta ƙarasa ba. Ta juya fuskarta bango. "Ki je ki ce masa Allah ya yi masa albarka. Ki ce ni ya yafe mini."

Na ce, "Ni fa, Inna?"

"Ni na yafe miki. Amma ba ni kika mayar bazawara ba."

Ranar ziyara saura kwana huɗu. Inna ta yi biyu ta rasu. Haka na je masa da saƙo biyu a baki ɗaya. Yana ganin fuskata ya ce, "Faɗi na farko da ya faru." Na faɗa. Ya sa na maimaita kalmominta sau uku, yana riƙe da ƙarfen tagar. Na biyun bai bari na faɗa ba. Ya ce, "Na sani. Wa ya yi mata salla?"

Bayan arba'in na gaya wa maigidana. Mako guda bai ci abincina ba. Rana ta takwas ya ce in sa hijabi, ya ɗauke ni a babur har ƙauyen matar mai shanun da aka kashe. Na same ta tana surfe. Na durƙusa na faɗa mata ko ni wace ce. Ta saurara har ƙarshe, taɓarya a hannunta. Ta ce, "Na ji." Ta ci gaba da surfenta. Ban ga laifinta ba, kuma har yau abin da na samu ke nan daga gare ta.

Yayana ya fito, ya koma gonarsa. Bai taɓa ɗaga mini maganar ba, har tsokanata yake yi da jarumar gida, sai dai dariyar ba ta kai masa ido. Ni kuma abin da na gane shi ne, tausayi ma yana buƙatar a tsaya a bincike shi, kuma tambayar halal ba a yi wa wanda yake son ya saya. Ranar, ƙofar filin tana gabana, masu amsa suna ciki, taku kaɗan ne. Ban shiga ba saboda na san amsarsu ba za ta yi mini daɗi ba.

Munduwar Inna biyu ce, ɗaya tana gindin bindigar. Da aka raba kayanta, ɗayar ta faɗo a rabona. Tana ƙasan akwatina, naɗe cikin kallabi. 'Yata ta taɓa cewa in ba ta ta sa ranar Sallah. Na ce mata ta bari tukuna, sai ta girma ta ji inda 'yar'uwarta ta tafi.