Hukuncin da Alƙali Ya Yanke wa Gem

Yayana mai aski ne, amma ba mai kiransa haka. Alƙali ake ce masa, don duk fim ɗin da ya fito sai ya bi ta shagonsa an yanke masa hukunci. In ya ce, "Wannan ɓata ido ne," ko kyauta aka ba ka ba za ka kalla ba. Ni da nake ɗinki a shagon da ke jikin nasa na haddace salonsa: da kilifa ta taɓa kanka zai ɗauko labari, kuma ba ya faɗin ƙarshen sai ya kakkaɓe maka wuya. In fim ɗin mai tsawo ne sai dai ka yi haƙuri, gyaran fuska kaɗai zai cinye maka hantsi.

Babban mai sauraronsa Baba Direba ne, tsohon da ya ajiye tuƙi ya mai da bencin shagon ofishinsa. Shekara da shekaru shi ke cewa, "Sai aka yi yaya?" daidai inda ya kamata. Yayana ba zai taɓa faɗa da bakinsa ba, amma don tsohon nan yake kallon rabin abin da yake kallo.

Kwatsam wani mai gyaran waya ya kama shago a tsallaken titi, ya kafa talabijin da na'urar gem, wasan nan da ake bugawa a talabijin. Shi ma bakinsa ba ya hutawa: wannan gem ɗin tseren mota ya yi, wancan birkinsa ƙarya ne. Jin an ambaci birki, Baba Direba ya tsallaka don ya gyara masa zance. Aka damƙa masa abin latsawa, shi ke nan benci ya zama ba kowa.

Kishi ya kama yayana, mummunan kamu kuwa. Ya karkatar da madubin shagon yadda zai riƙa hango ƙofar can, har sai da ya fitar wa wani malamin makaranta hanya a ƙeya.

"Yaya, ƙyale tsoho ya sha iska mana," na ce masa.

"Ke rufe min baki! Abin da ba shi da labari har abin zama a kalla ne?"

Ranar da ya kasa daurewa ya ajiye kilifa ya tsallaka, ni kuma na bi shi don kar a ba ni labari. Ya tsaya daga baya, ya harɗe hannu, ya ƙura wa talabijin ido. Wani soja ne ke gudu ana harbinsa. Can sai yayana ya yi gyaran murya.

"Wannan shirme ne. Jarumi ya mutu tun ba a je ko'ina ba, ya tashi, ya sake mutuwa a wuri ɗaya! Wane sakarai ne ya tsara wannan?"

Shagon ya kwashe da dariya. Baba Direba ya waiwayo a hankali, abin latsawa a hannunsa.

"Ni ne sakaran, Alƙali. Ni nake ta mutuwa. Hannuna bai saba ba tukuna."

Wallahi har ni sai da na ji kunya.

Da gashin tsohon ya taru, ya zo aski kamar yadda ya saba. Yayana ya ɗauko fim ɗin da ya daɗe yana ajiye masa, ya ja shi, ya ƙawata shi, ya tsaya a wurin da numfashi ke ɗaukewa, ya jira. Baba Direba yana kallon madubi, madubin kuwa ƙofar can yake nuna masa.

Aka kakkaɓe masa wuya, ya sa hularsa, ya ce, "Allah ya yi albarka," ya tsallaka titi.

Yayana ya daɗe tsaye da burushi a hannu. Sannan ya leƙo shagona, ni da ban tambaya ba, ya faɗa min ƙarshen fim ɗin.