Motar da Take Ja Hagu

Shekara goma sha shida ke nan rabona da Maraɗi. A cikinsu na ji mutuwa da yawa ta waya, amma wannan a gabana aka yi ta. Ranar Alhamis, 14 ga Nuwamba 2024, bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Moctar, bakanike, mutumin Tahoua, mai garaji a garin Stains, nan ƙasar Turawa. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Yaya Moctar, a bakin tashar jirgin ƙasa ta metro a Château Rouge ka tsince ni, ina sayar da gasasshiyar masara ina gudun 'yan sanda. Ka ba ni aiki da wurin kwana, ba ka tambayi takardar zama ba. Ba zan ce kana da sauƙi ba. Kana da faɗa, yabo kuwa sai a shekara ba a ji shi a bakinka ba. Amma ba ka taɓa buɗe kwanon abinci ba ka kira ni ba.

A 2011 ka shiga tseren tsofaffin motoci da ake yi a wani ƙauye bayan Lyon. Filin turɓaya ne mai siffar ƙwai, motoci suna zagaye suna bugun juna, kuma kowace kwana hagu ce. Shekara biyu kana haɗa motar tserenka daga tarkace. Wani Alhajin kasuwarmu ya ce maka, "Moctar, ka baro Tahoua don ka yi ta zagaye kamar akuya a turke?" Ka ce, "Alhaji, kai ma daga gida sai shago kake zagaye, kuma ba mai tafa maka."

Ana gobe tsere ka tafi yin rajista, ka bar ni da motar. Na taɓa ta, na ji tana ja hagu. A wurin bakanike wannan ciwo ne. Na yi awa uku ina daidaita ƙafafunta har ta miƙe sak. Ban faɗa maka ba, don ina so ka ji daɗin da kanka. Ban san da gangan ka karkatar da ita ba. A filin da babu kwanar dama, motar da take ja hagu ita ce lafiyayya.

A zagaye na huɗu ta ƙi shan kwana, ta daki tudun ƙasa. Kafaɗarka ta dama ta karye. Hannun bai sake hawa sama ba, ko a kabbarar sallah a rabi yake tsayawa. Ba ka sake tsere ba.

Da na je asibiti ka dube ni ka ce, "Munzali, hannunka yana da kyau. Ta miƙe sosai." Shi ke nan. Shekara goma sha uku ana cewa ba ka iya tuƙi ba, kana da abin wanke kanka, ka yi shiru. Ni ma na yi shiru, amma nawa na tsoron rasa aiki da katifa ne. Ranar jana'iza liman ya ce a yafe maka. Na ce na yafe, kamar ni aka yi wa laifi.

Masu yi maka dariya a da, su suka fi kowa kuka. Amma gaskiya ita ce, su suka tsaya har aka sa gawarka a jirgi zuwa gida. Ni takarduna ba su bar ni na raka ka ba.

Allah ya jiƙanka, ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ya haskaka kabarinka. Ina yi wa matarka Hajiya Rékia ta'aziyya, da 'ya'yanka Batula da Adam, da dangi na Tahoua. Allah ya ba su haƙuri.

Hajiya, sau uku na zo zaman makoki da wannan magana, na koma da ita. Mijinki ya iya tuƙi. Ni na karya shi. Idan kin yafe mini, zan kawo kayansa da hannuna, idan ba ki son ganina zan aiko. Mai ginin garajin kwana biyu ya ba mu mu fitar da kaya, abin da ya rage 'yan gwangwan sun kwashe. Abin da na iya tserarwa: akwatin sifana ɗaya, hular kwano, sallaya, hoto biyu, da ƙofar motar ta hagu mai lamba 47.

Munzali, Stains