Shekarar da Don Venancio ya yi tumbi

A layinmu na garin El Alto, can saman dutse, ba wanda bai san Doña Casilda mai dankali ba, mace mai taurin kan da ban taɓa ganin irinsa ba. Katangarmu ɗaya, don haka duk faɗanta da mijinta, Don Venancio, da kunnena na ji. Faɗan kuwa ɗaya ne kullum: ya ƙi yin ƙiba. Siriri ne kamar tsinken tsintsiya. Ta dafa, ta soya, ta cika masa kwano, ya cinye har ya suɗe, washegari wando na zame masa.

"Mutane za su ce ba na ba ka abinci!" in ji ta.

"To ki ce musu kina ba ni mana," ya amsa yana dariya.

Bara ya rasu. Ita kuma sanyin ƙashi ya kama mata yatsu, ko bakin buhu ba ta iya ɗaurewa. Ga Nuwamba na matsowa, lokacin da a al'adarmu matattu ke zuwa gida ziyara, kowa ya gasa wa nasa tantawawa, burodin nan mai siffar mutum da 'yar fuskar fenti a manne. Zuwan Venancio na farko ke nan tun rasuwarsa. 'Yarta Nélida ta ce a sayo na kasuwa kawai. Casilda ta ce in ya zo ya tarar da burodin wata mata a teburinsa, da wane ido za ta kalle shi?

Da ƙyar ta yarda a sayi injin burodi ya riƙa murza mata kwaɓi. Ni na raka su kasuwar Lahadi. Mai shagon ya jera mana su yana ta zuba.

"Mama, wannan har agogo gare shi. Ki kwanta, ki tashi ki tarar da burodi ya gasu."

"Ɗan nan, mai gadi na ce maka ina nema? Mai murza nake so. Buɗe in ga hannunsa."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana leƙa ƙarfen da ke juya kwaɓin, har ta tsaya kan wani jibgege mai launin toka.

"Mama, wannan ai mummuna ne," in ji Nélida.

"Ubanki ma ba kyau gare shi ba, amma ya iya aiki."

Mai shago ya ce ta rage yis, don a saman dutsen nan kwaɓi saurin tashi yake, ga kuma ɗumin injin. Ta ce tun ba a haifi uwarsa ba take auna yis. Ta manta a kicin ɗinta mai sanyin tsiya ta saba aunawa.

Inji ya murza, ita kuma ta zauna da yatsun nan masu ciwo ta fitar da mijinta sak, dogo, siriri, har da 'yan ƙafafun. Tausayinta ya kama ni sosai. Muka ɗauki faranti zuwa gidan gashin unguwa, muka bi layi.

Da mai gashi ya zaro farantin, sai da layin ya kwashe da dariya. Venancio ya kumbura, tumbi ya yi tsiri, kumatu sun kusa haɗiye 'yar fuskar. Nélida ta ji kunya, ta ce akwai sauran fulawa, a koma a sake.

Casilda ta daɗe tana kallonsa. Can sai ta fashe da dariya, hawaye na bin fuskarta.

"Kar wanda ya taɓa min shi!"

A tsakiyar tebur ta ajiye shi, tsakanin lemo da rake da miyar gyaɗar da yake so. Da rana tsaka, lokacin da matattu ke isowa, ina shanya a tsakar gida na jiyo muryarta ta katanga.

"Sannu da zuwa, malalaci. Ashe za ka iya, ka bar ni ina ta fama?"